Muntaka Maƙeri da Duwatsun Wuyan Barira

Duk wanda ya tashi a Tsamiyar Mati, can arewa da Ɗanbatta, ya san Muntaka Maƙeri. In bai san fuskarsa ba, to ya san ƙarar masabarsa, don ita ke ƙarasa tashin unguwa bayan ladan ya yi nasa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa kamar faifai, kuma Allah bai hore masa yin magana a hankali ba. Ko "ina kwana" ya ce maka, sai ka waiga ka ga da wa yake faɗa. Ƙira gado ce a wurinsa, uwar maƙerar da yake duka a kanta ma ta kakan kakansa ce. Fartanya da garma da laujen da ke garin nan, da wuya ka ɗaga ɗaya ba ka ga tambarinsa a jikinta ba.

Shi a wurinsa maganin komai na duniya uku ne: wuta, duka, ruwa. Abu ya ƙi miƙewa? A sa shi a wuta ya yi ja, a ba shi masaba, a tsoma shi a komin ruwa ya yi "cuuu", shi ke nan ya shiga hankalinsa. Da wannan karatun ya doshi hamsin a duniya, kuma bai taɓa ba shi kunya ba.

Sai ga shekarun fari, wajen lokacin da aka bar fam aka koma naira. Waɗanda suka gan su ba sa son tunawa. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, mata su fito da tukwane, iska ta zo ta watsa shi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, gyaɗa ko irin da aka zuba ba ta mayar ba. To wanda bai yi girbi ba me zai yi da sabon lauje? Maƙera ta yi tsit. Ƙannen Muntaka suka naɗe tabarma suka tafi Kano dako. Har wani mai sayen tsohon ƙarfe ya zo yana zagaya uwar maƙera yana ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, kuma wallahi Muntaka ya fara sauraronsa.

Matarsa Barira ce ta hana. Bafulatana ce ta wajen uwa, siririya, bakinta ya fi aska kaifi.

"Malam," ta ce, "in ka sayar da ita, ranar da ruwa ya dawo a kan me za ka yi dukan? A kaina?"

Ya yi dariya ya kori mai tsohon ƙarfe. Rumbu ya ƙare, amma tuwo bai daina fitowa daga madafarta ba, ko da sau ɗaya ne a yini. Shi kuwa, irin halin maza, ya ci ya yi hamdala ya suɗe hannu, bai tambayi daga ina ba. An daɗe kafin ya lura cewa cikin zafin bazara Barira tana naɗe mayafi har haɓa, ko a tsakar gida. Ran nan tana sunkuye tana tankaɗe sai mayafin ya zame. Wuyan wayam.

Duwatsun wuyan Barira ba kwalliya ba ce kawai. Shuɗɗa ne, daga uwarta ta gaje su, ita ma daga tata uwar. Al'adar gidansu ce, duk ranar sunan jika mace, kaka ta kwance zaren wuyanta, ta zare dutse ɗaya, ta ɗaura wa jaririya a wuyan hannu. Abin da ya rage bayan kaka ta rasu, babbar 'yarta ke ɗauka ta ci gaba. Barira ba ta taɓa zare ko ɗaya ba, don ba ta yi jika ba tukuna. Ga kuma 'yarsu Sakinatu, da ke aure a wani ƙauye wajen Ungogo, tana ɗauke da cikin fari, nan gida za ta zo ta haihu.

"Barira, ina duwatsunki?"

"Ka cinye su," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Jiya ma da su ka kwana a ciki, da miyar kuka."

Wasu fatake masu tafiya kudu ta sayar wa, ta sayi gero. Neman su kuwa ɓata ƙafa ne.

"In Sakinatu ta haifi mace fa?"

Nan rariya ta tsaya a hannunta. "Zare ma ɗauri ne," ta ce, sai muryar ta karye. Tunda ya auro ta bai taɓa jin muryar nan ta karye ba. Ya ji kunya, ya ji tausayinta, ya ji haushin kansa da na cikinsa da ya ci bai tambaya ba. Ya fita ya zauna a maƙerar da ba wuta.

A nan Baba Umara ya same shi. Tsohon Babarbare ne ɗan koli, mai sayar da allura da zare da kwalli, iyayensa sun daɗe da zama a ƙasar Kano. Tunda ciniki ya mutu ya mai da rumfar maƙera wurin hirarsa. Da ya ji abin da ya faru, ya tauna ɗan guntun goronsa ya ce, "To ai duwatsun nan ba tono su ake yi a ƙasa ba. Kwalba ce."

"Kwalba?"

"Kwalba, wadda kake shurewa a hanya. Ina yaro ubana ya bar ni a Bida wurin masu aikinta, ni nake yi musu zuga. A gabana suke narkar da ita su naɗa a tsinken ƙarfe. Amma ko sau ɗaya ba su bar ni na taɓa ba. Da sun gama dutse sai maigidan ya cusa shi cikin tukunyar toka ya rufe, yana kallona ta gefen ido, kamar an ce masa ni ɓarawo ne. Ni Umara! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci."

Wannan ƙorafin na tukunyar toka kowa a garin ya ji shi ya gaji, Muntaka ma bai tsaya sauraron ƙarshensa ba. Abu ɗaya ya shiga kunnensa: wuta da tsinken ƙarfe. Ai waɗannan nasa ne! Ya miƙe tsaye.

"Baba Umara, za ka iya zuga har yanzu?"

"Hannuna na rawa, amma zuga-zugi ba ya ƙin rawa."

Haka aka haɗu, malamin da bai taɓa yi da hannunsa ba, da ɗalibin da ba ya jin magana.

Aka fara da tsintar kwalabe. Muntaka, mutumin da ake kira da girmamawa a kawo masa garma, sai ga shi da buhu a kafaɗa yana bin bayan kasuwar Ɗanbatta yana tonon juji. Mutane suka ce to, yunwa ta taɓa kan Maƙeri. Wani ya ce masa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ya amsa da cewa shi ba ice ba ne, ƙarfe ne, ko ya tsufa wuta na tanƙwara shi. Koriyar kwalba ta samu, mai ruwan ƙasa ta samu, fara kam ba a magana. Shuɗiya ce ta yi wuya. Guda ɗaya ya gani a duk kasuwar, a kan kantar Iliyasu mai kemis, cike da farin maganin ciki da ake sayarwa cokali-cokali. Iliyasu ya ce in maganin ya ƙare ya ba shi kwalbar. Tun daga ranar, duk ranar kasuwa sai Muntaka ya leƙa ya ga inda maganin ya sauka, kuma duk wanda ya ko yamutsa fuska a gabansa sai ya ce, "Cikinka ne! Je ka wurin Iliyasu, ka ce na shuɗiyar kwalba." Har mai ciwon haƙori ya tura.

Ranar farko ya kama guntun koriyar kwalba da awartaki ya cusa tsakiyar gawayi, kamar yadda zai cusa ƙarfe. Tau! Ta tarwatse, wani ɓalli ya shige gemunsa yana hayaƙi. Baba Umara ya saki zuga-zugi ya faɗi gefe yana dariya har da tari.

"Na manta ban gaya maka ba, a bakin wuta ake fara ajiye ta, ta ji ɗumi tukuna."

"Ka manta! Mene ne kuma ka manta?"

"In ya zo zan tuna."

Da aka bi ta a hankali sai ta yi laushi, ta yi ja, ta fara lanƙwasa. Muntaka ya ga ja, jininsa na ƙira ya motsa. Kafin tsohon ya buɗe baki ya ɗora ta a uwar maƙera ya sauke mata masaba. Abin da ya rage ko kaza ba za ta tsinta ba.

"Kai ɗan maƙera!" Baba Umara ya daka masa tsawa. "Ajiye masabar nan can nesa. Ƙarfe ne ke son duka. Kwalba lallashi take so, juya ta ake yi."

Bai gama koyon wannan ba ya koyi wani da fatar hannunsa. Ƙarfe mai gaskiya ne, in da zafi za ka gani a launinsa. Kwalba kuwa sai jan ya ɓace, ta koma garau kamar ba ta taɓa ganin wuta ba. Ya kai yatsa. Ihun da ya yi har Barira ta jiyo daga cikin gida, ta leƙo ta kan zana, cikin wasan Fulani da Barebari ta ce, "Babarbare, bawan gidanmu, ka dafa min miji ne?" Baba Umara ya ce, "Bafulatana, koma ki ji da ƙwaryar nono, wannan aikin masu hankali ne." Ta ce in na masu hankali ne me ya kawo su biyun ciki. Muntaka bai taɓa gaya mata dalilin wannan wahala ba, ita ma ba ta tambaya ba. Sai dai ya lura ta daina kwasar gawayin maƙera tana girki da shi.

Sannu ba ta hana zuwa. Wata safiya kwalba ta narke yadda ake so, ya taɓa ta da wayar ƙafar keke, ya ja, sai ta biyo shi tana miƙewa kamar alewa. Ya fara juya wayar. Waɗannan yatsun da suka saba da ƙotar masaba sai ga su suna murza waya a hankali, kwalba tana naɗuwa, tana tattaruwa, tana zama dunƙule da kanta ba wanda ya doke ta. Muntaka bai taɓa ganin abu ya miƙa wuya haka ba tare da an ji masa ciwo ba, daɗi ya kama shi. Na farkon ya manne wa wayar ƙam, sai a lokacin tsohon ya tuna cewa ana shafa wa tsinken kwaɓaɓɓen yumɓu ya bushe tukuna. Aka shafa. Na gaba ya fito zagaye, kore shar, yana ƙyalli.

"Allahu akbar!" in ji Baba Umara. "Shi ne! Wallahi shi ne!"

Sai hannun Muntaka, ba tare da ya shawarci mai shi ba, ya kai wayar cikin komin ruwa. Cuuu, tas! Dutse ya zama tsakuwa.

Suka kalli komi, suka kalli juna. Muntaka ya rantse ba zai ƙara ba. Na biye ma haka ya yi. Abin da hannu ya yi shekara da shekaru yana yi, ba rana ɗaya yake bari ba. Ƙarshe Baba Umara ya kifar da komin ya hau kai ya zauna, daga nan yake zugarsa. Duk da haka sai ka ga Muntaka ya gama dutse ya miƙo jar waya wajen cinyar tsoho, tsoho yana salati yana kaucewa.

A cikin kwanakin nan ne aka yi abin da har yau tsofaffin garin ke ba da labari. Waya ta ƙare, Muntaka ya ɗauki bututun wani mataccen famfon keke ya dangwalo narkakkiyar kwalba da shi. Bakin bututun ya toshe, ya sa baki ya hura don ya buɗe. Sai kwalba ta kumbura! Ya ƙara hurawa, ta ƙara tashi, kamar mafitsarar ragon layya da yara ke hurawa, sai dai wannan kana ganin rumfa da sama ta cikinta. Ya zaro ido, kumatunsa cike da iska, ya kasa tsayawa, ya ci gaba da hurawa har ta yi fus ta watse, 'yan ɓawo-ɓawo marasa nauyi suna saukowa a hankali a kan rawanin Baba Umara. Kafin la'asar rumfar ta cika. Mutanen da suka yi watanni ba su yi dariya ba, masu kwana da ruwan kanwa a ciki, suna tsaye suna cewa, "Maƙeri, ƙara hura wata!" Ya hura musu har kansa ya yi jiri. Ranar ba wanda ya yi zancen hadari.

Amma kumfa ba ta ɗauruwa a hannun jaririya, kuma duwatsun sun ƙi zama. An daina tsoma su a ruwa, ana jera su a kan dutse su sha iska. Su yi kyau, a yi murna, a tafi salla. Kafin a dawo sai ka ji ƙas, can kuma ƙas. Wani ya rabe biyu, wani ya tsage ta ciki, wani sai an ɗauka ya ruguje a hannu. Suka canja gawayi, suka canja kwalba, suka yi a inuwa, suka yi a rana. Baba Umara ya fara cewa ko baki ne, ko kuma Nufawan Bida na da wata addu'a da suka ɓoye masa.

Iliyasu ya cika alkawari, shuɗiyar kwalba ta zo gida. Muntaka ya naɗe ta a tsumma ya ɓoye a saman rumfa, ya ƙi taɓa ta, don ba ta da ta biyu. Sakinatu kuma ta iso da ciki ya tsufa. Ya gan ta tana kallon wuyan uwarta, ya ga uwar ta ja mayafi ta kawo wata hira. Abin ya tsaya masa a rai. A karo na farko ya ji tsoron cewa zai kasa, kuma ya faɗa wa Baba Umara haka da bakinsa.

Wata ranar da hantsi yana tsakiyar naɗa wani koren dutse, sai Barira ta ƙwala masa kira daga cikin gida, kira irin wanda ba a cewa "ina zuwa".

"Malam! Ungozoma! Yi sauri!"

Komi a kife, dutsen jerawa ya yi nisa. Ya soke wayar da dutsen a kanta cikin rushin da ke gefen wuta, ya zura da gudu ba ko takalmi. Baba Umara ya bi bayansa da sanda. Wuta ta ci ta mutu don kanta, ba wanda ya koma maƙera ranar. Da yamma aka ji guɗa. Mace ce, lafiyayya, mai ƙarar murya irin ta kakanta. Muntaka ya yi sujada a ƙofar gida, yana murna da gaske, amma can ƙasan murnar yana jin abin da ke jiran Barira ranar suna.

Da safe ya shiga maƙera don ya kwashe toka. Ya ga wayar jiya a tsaye, ya fizge ta zai jefar. Dutsen na nan. Ya hure tokar. Ba tsaga. Ya murza shi ya fita daga wayar, ya ɗaga shi a rana, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ma cije shi. Ya sake shi a kan uwar maƙera, ya yi tsalle ya faɗi ƙasa lafiya lau.

"Baba Umara! Baba Umaraaa!"

Tsohon ya zo yana haki. Ya karɓi dutsen ya juya. "A ina ya kwana?"

"Cikin rushi. Nan na soke shi da zan fita."

Baba Umara ya dubi tokar. Ya daɗe yana dubanta. Sai ya nemi komin ya zauna a hankali.

"Tukunyar toka," ya ce. "Muntaka, tukunyar toka. Ashe ba ɓoye min suke yi ba. Ashe so suke ya huce a hankali." Hawaye ya biyo tsagar fuskarsa, kuma yana dariya. "Tun ina yaro nake riƙe da bawan Allahn nan a zuciya. Na ce ya mai da ni ɓarawo. Ashe kallon da yake min, so yake ya ga ko na gane! Allah ya jiƙanka, maigida, ka yafe wa wawan yaronka."

"Amin," in ji Muntaka. "Ni ma da na saurari ƙorafinka har ƙarshe ko sau ɗaya, da ban ƙone rabin gemuna a banza ba."

Ranar aka sauko da shuɗiyar kwalba. Muntaka ya yi bisimilla ya fasa ta. Aka samo wata tsohuwar tukunya mai tsaga, aka cika ta da rushi, aka ajiye gefen wuta. Duk dutsen da ya gama sai a cusa shi ciki da wayarsa. Wallahi narkarwa da naɗawa ba su wahalar da shi kamar jira ba. Mutumin da ya saba ya ga ƙarshen aikinsa kafin gumi ya bushe, yau an ce ya bari sai gobe! Bini-bini ya kai hannu zai tona ya leƙa, Baba Umara ya make hannun da sanda. Wanda ya yi zaman zargin tukunyar toka, yau shi ne mai gadinta. Wasu duwatsun duk da haka sun fashe, don ba a gwanancewa cikin mako guda. Waɗanda suka tsira ba su kai ashirin ba. Wani dogo, wani gajere, wani ya yi ciki gefe guda. Baba Umara ya kawo zare mafi ƙwari cikin kolinsa, ya ce kyauta ce daga bawa zuwa ga uwargijiyarsa.

Ranar suna, bayan an raɗa wa yarinya Hafsatu maza sun watse, Muntaka ya shiga gida. Dangin mijin Sakinatu sun fara isowa daga Ungogo, tsakar gida ta fara cika da mata. Ya sami Barira ita kaɗai a ɗaki, mayafi har haɓa, tana murza wani baƙin zare a cinya. Shi za ta ɗaura. Ya yi niyyar faɗin wata magana mai daɗi, ya shirya ta tun a rumfa, amma da ya buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Ungo," kuma da ƙarfi.

Ta karɓa. Ta shimfiɗa su a tafin hannu, ta matsa bakin ƙofa wurin haske, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"Wannan ya karkace," ta ce.

"Na sani."

"Wannan kuma kamar kashin akuya."

"Na sani, Barira."

"Na uwata sun fi su kyau nesa ba kusa ba." Ta ɗago, fuskarta jage-jage da hawaye. "Amma na uwata ban san wanda ya yi su ba. Ɗaura min, Malam, hannuna ba zai iya ba."

Yatsun nan masu tabon ƙuna suka yi ta fama da ƙulli a bayan wuyanta har ya ɗauru. Ta sauke mayafin zuwa kafaɗa ta fita. A gaban matan duka ta kwance zaren, ta zare dutse ɗaya, wanda ya fi kowanne zagaye, ta ɗaura wa Hafsatu a wuyan hannu kamar yadda aka ɗaura mata. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Muntaka yana zaure yana ji, ya rasa inda zai sa kansa don daɗi, sai ya rungume Baba Umara har tsohon ya ce zai karya shi.

Matan Ungogo ba su tafi ba sai da suka tambayi inda aka samo duwatsun. Daga nan aka fara aiko masa, wannan ta kawo kwalba da ɗan gero a ƙwarya, waccan ta kawo wake. Ba arziki ya yi ba, kada a yi ƙarya, amma wutar maƙera ba ta sake mutuwa ba har ruwa ya dawo. Da ya dawo Muntaka ya koma kan garma da fartanya, masaba ta ci gaba da tashin unguwa. Rani kuwa na kwalba ne. Ya gwanance da duwatsu, ya iya hura 'yan kwalaben kwalli da na turare. Ƙwan fitila ne ya gagare shi har ya bar duniya, duk wanda ya hura sai ya fito da ƙusumbi, Barira ta ce fitilar ma kunya za ta ji. Koren dutsen nan da ya kwana cikin rushi Baba Umara ya karɓa ya zura a carbinsa, da shi yake ja har Allah ya karɓi abinsa.

Allah ya yi wa gidan albarkar 'ya'ya mata. Duk suna sai zaren Barira ya ragu da ɗaya. Sau da yawa Muntaka ya ce ta kawo ya ƙara mata, yanzu da hannunsa ya faɗa zai yi mata waɗanda suka fi na uwarta. Ta ce a'a, na shekarar yunwa take so, masu karkata.

Ya rasu da tsufansa, bayan girbi, rumbu cike. A lokacin dutse ɗaya ya rage a wuyanta, wanda ta ce kamar kashin akuya, don kullum shi take tsallakewa. Ba a yi shekara ba matar ƙaramin ɗansu ta haifi mace. Sakinatu ta ja uwarta gefe ta ce, "Inna, wannan kam ki bar shi. Shi kaɗai ya rage miki na Baba. A sayo wani a kasuwa, wa zai sani?"

Barira ta harare ta. "Ubanki ya ƙone yatsu don a ɗaura wa yara ne, ko don tsohuwa ta yi ta shafawa tana kuka?"

Ta kwance zaren, ta zare shi, ta ɗaura wa jaririyar da kanta. Sannan ta fito tsakar gida cikin taron mata, ta zauna a tabarma tana karɓar barka, mayafinta a kafaɗa, wuyan wayam, ba ta ko kai hannu ta rufe ba.